Me ke sa wasali ya sauka ko ya hau idan ya bi ta hanci?

Ɗalibar_Furuci:

Assalamu alaikum, malamai. Ina neman a kwance min wani ƙulli game da hancintawa. Tun farko a lura, ba tsawon wasali nake nufi ba, wato dogo da gajere. Matsayinsa nake nufi: na sama, na tsakiya ko na ƙasa.

A Faransanci ana rubuta fin amma ana furta [fɛ̃], alhali takwararta ta mace, fine, tana nan da [i] ɗinta, [fin]. Haka un [œ̃] da une [yn]. A nan wasalin sama ne ya sauko. A harshen Fotugal kuwa wasalin ƙasa ne ya hau: lã, wato ulu, [lɐ̃] ake cewa ba [lã] ba. Sai Romaniyanci, inda bonus na Latin ya koma bun, wasalin tsakiya ya haye can sama.

Abin da aka koya mana shi ne handa ce ke sauka iska ta shiga kogon hanci. To ina ruwan harshe da wannan? Akwai ƙa'idar da ke nuna wane wasali zai hau, wane zai sauka, ko kowane harshe da nasa? Na uku, idan na auna F1 (tudun amo na farko) na wasalin hanci a Praat, manhajar nazarin sautin magana, sai ɗigogin da ke nuna shi su yi ta tsalle. In yarda da lambar ko kuwa?

Malamin_Amo:

Wa alaikumus salam, Malama. Kin yi tambaya mai kyau. Farkon amsar ba a baki take ba, a kunne take.

Kunne ba ya ganin harshe. Abin da yake dogara da shi wajen gane wasalin sama da na ƙasa shi ne tudun amo na farko, F1. A awon da Peterson da Barney suka yi a 1952 kan mazan Amurka, F1 na [i] yana wajen 270 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), na [ɛ] 530, na [ɑ] 730. Harshe na hawa F1 na sauka, harshe na sauka F1 na hawa. A wasalin baki bututu ɗaya ne daga maƙwallato zuwa leɓɓa, don haka tudun a tsaye yake, siriri, babu mai tare shi.

Da handa ta sauka sai bututun ya yi reshe. Kogon hanci yana da nasa amon, kuma haɗuwar kogunan biyu tana kawo abu uku a lokaci guda. Sabon tudu yana fitowa, galibi tsakanin 250 da 400 Hz, da wani kuma kusa da 1000 Hz. Ana samun kwari, wato wurin da reshen ke shanye ƙarfin sauti. Sannan F1 na asali yana yin rauni, ya baje, saboda bangon hanci mai laushi ne kuma mai faɗi, yana cin sauti.

Yanzu ki ɗora wannan a kan wasulan. A [a], F1 yana can wajen 700, sai ga tudun hanci ya tsiro a ƙasansa. Nauyin sautin ya karkato ƙasa, kunne kuwa F1 mai ƙasa yana nufin harshe ya hau. Sai a ji wani abu kamar [ɐ̃]. A [i] da [u] akasin haka ne: F1 yana can ƙasa, ƙarin ƙarfin yana zuwa ne a samansa, shi kansa F1 ɗin yana ɗan gusawa sama. Sai a ji kamar [ɪ̃] ko [ẽ]. Chistovich ta nuna cewa idan tudu biyu suna kusa da juna, tazarar da ba ta wuce Bark 3 zuwa 3.5 ba (Bark ma'aunin tazarar sauti ne yadda kunne ke jin ta), kunne yakan dunƙule su ya ɗauki tsakiyar nauyinsu. Wannan ne ke faruwa a nan. Mai magana bai motsa harshensa ko kaɗan ba, amma mai sauraro ya ji wasalin ya gusa. Yaro mai koyon magana kuwa abin da ya ji shi zai kwaikwaya, kuma shi da harshensa zai yi. Daga nan kuskuren kunne ya zama ɗabi'ar baki.

Batun ƙa'ida, akwai, amma rinjaye ce ba doka ba. Patrice Beddor ta tattara bayanan harsuna 75 a farkon shekarun 1980. Abin da ya fito fili shi ne wasulan sama na hanci suna sauka, na ƙasa suna hawa, wato sama da ƙasa duk suna matsowa tsakiya. Misalanki biyu na farko sun shiga nan daidai. Wasulan tsakiya su ne masu taurin kai, kuma abu biyu ke juya su. Na gaba ya fi na ƙurya saurin sauka. Sannan idan baƙin hancin ya ɓace, wasalin ya tsaya da hancinsa shi kaɗai, ya fi karkata ga sauka. Idan [n] ko [m] ɗin yana nan a gefensa, ya fi karkata ga hawa, musamman na ƙurya.

Sakamakon matsewar nan shi ne wasulan hanci sun fi cunkushewa, bambanta su ya fi wuya, don haka harsuna sukan rage yawansu. Tun 1963 Ferguson ya lura cewa wasulan hanci na harshe ba sa fin na bakinsa yawa. A harshen Fotugal na Barazil, gaɓa mai ƙarfi tana ɗaukar wasulan baki 7, amma na hanci 5 ne: bambancin [e] da [ɛ], da na [o] da [ɔ], ya narke. A ƙididdigar Maddieson ta 1984, harsuna 71 cikin 317 ne ke da wasulan hanci masu bambanta ma'ana, kuma waɗanda aka fi samu su ne [ĩ], [ã] da [ũ], waɗanda suka fi nisa da juna.

Wani abu da ake yawan tsallakewa: handa ba ta sauka daidai a kowane wasali. Ko a wasulan baki, ta fi yin ƙasa a [a] fiye da [i]. Kuma ƙaramar ƙofa ta ishi [i] a ji shi da hanci, [a] kuwa sai an buɗe sosai. Saboda haka cewar harshe ba ruwansa da handa ba gaskiya ba ce gaba ɗaya. Akwai ma tsokar da ta haɗa su, wadda ke tasowa daga handa ta sauko gefen harshe.

Tarihin_Harsuna:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Amma ina so in ja birki kaɗan, kada Malama ta ɗauka zancen matsowa tsakiya ya rufe komai. Misalinta na uku bai shiga ciki ba.

A Romaniyanci [a], [e] da [o] masu ƙarfi da suka zo kafin [n] hawa suka yi, kuma ba tsakiya suka tsaya ba: lana ta zama lână da [ɨ], dentem ya zama dinte, montem ya zama munte, bene ta zama bine. Amma annus mai nn biyu an ya bayar, [a] bai motsa ba. A tsohon harshen da ya haifi Jamusanci da Ingilishi ma [e] ya koma [i] kafin baƙin hanci mai bin wani baƙi. Kwatanta wind da ventus na Latin. A kudancin Amurka yau pen da pin furuci ɗaya ne, kuma wajen [ɪ] suka haɗu. Duk waɗannan baƙin hancin yana nan daram. Su ne rukunin da Malam ya ce sun fi hawa, sai dai lissafin tsakiyar nauyi shi kaɗai ba ya bayyana dalilin da [e] zai haura zuwa [i].

Gwajin da ya fi haska min al'amarin shi ne na Krakow da Beddor da Goldstein da Fowler, 1988. Sun ƙera kalmomi da kwamfuta, wasalin yana gusawa a hankali daga [ɛ] zuwa [æ], suka kunna wa Amurkawa. Da aka sa wasalin hanci a bend da band, inda [n] ke biye, masu sauraro ba su ruɗe ba, sun yanke iyaka inda suke yankewa a wasalin baki. Da aka sa wasalin hancin nan a bed da bad, inda babu [n], sai suka riƙa jin sa ƙasa da inda yake. Ma'ana, muddin kunne yana da wanda zai ɗora wa laifin hancin, yakan cire tasirinsa ya ji wasalin yadda yake. Ruɗanin yana shigowa ne lokacin da baƙin hancin ya raunana ko ya faɗi, ko kuma yawan hancin ya saɓa wa abin da kunnen ya saba da shi.

Faransanci ya ajiye mana tarihin nan mataki-mataki. Tun wajen ƙarni na 11 zuwa 12 mawaƙa suka fara haɗa en da an a amsa-amo, alamar [ẽ] ya riga ya sauka zuwa [ã]. Ban da karin Pikadi na arewa, wanda ya ci gaba da raba su. Wasulan sama sun yi jinkiri ƙwarai. Daga baya, wajen ƙarni na 16 zuwa 17, aka cire hanci daga wasalin da [n] ko [m] ɗinsa bai faɗi ba. Shi ya sa femme ake furta ta [fam]: ta sauka tun da wuri, hancin ya tafi, saukar ta zauna. Fine kuwa an cire mata hanci ba tare da [i] ɗinta ya sauka ba, fin kuma ya ci gaba da gangarawa har [ɛ̃]. Ga amsar misalinki na farko.

A yi hattara da rubutu kuma. Harafin ą na Folanci ba [ã] ba ne, kusa da [ɔ̃] yake. Wasulan hanci biyu na tsohon Silabik, kakan Folanci da Rashanci, sun haɗe a Folanci, daga baya suka sake rabewa bisa tsawo: gajeren ya zama ę, dogon ya hau ya zama ą. A Rashanci hancin ya ɓace kwata-kwata, na gaban ya sauka, na ƙuryan ya hau zuwa [u]. Ręka ta Folanci ita ce ruka ta Rashanci, wato hannu. Gaba ya sauka, ƙurya ta hau, kamar yadda Malam ya faɗa.

Ɗakin_Awo:

Malama, tambayarki ta uku amsarta a taƙaice ita ce a'a, kada ki yarda da lambar haka kawai.

Jajayen ɗigogin Praat suna fitowa ne daga lissafin LPC, dabarar da manhajar ke kiyasta wurin tudun amo da ita, kuma lissafin an gina shi a kan cewa sautin tudu kawai gare shi, babu kwari. Wasalin hanci kuwa yana da kwari, ga ƙarin tudu. Kin ce wa manhajar ta nemo tudu 5 a ƙasa da 5500 Hz, ita kuma dole ta cika lissafi. A [ã] wani lokaci ta kama tudun hanci na wajen 300 ta kira shi F1, F1 na gaskiya ya koma F2. Wani lokaci ta dunƙule biyun ta ba ki 500, lambar da ba ta kowa ba. Tsallen da kike gani shi ne tana sauya ra'ayi daga taga zuwa taga, wato daga guntun sautin da ta auna zuwa na gaba.

Ga yadda ake rage matsalar. Ɗauki sauti a WAV, 44,100 Hz, bit 16. Saƙon murya na WhatsApp an matse shi, bai dace da wannan aiki ba. Kalmomin su zama zubin kamantau, baƙin farko iri ɗaya, zai fi kyau tsayau irin [p], [t], [k]. A guji [m], [n] kafin wasalin, a guji [h] da zuzau masu yawan iska, domin buɗewar maƙwallato ita ma tana baje F1 har a ji kamar hanci. Idan harshen yana da karin sauti, kalmomin biyu su zama masu kari ɗaya. Kowace kalma a maimaita ta kamar sau 10 a cikin jimla ɗaya tak, a auna a kashi 25, 50 da 75 cikin ɗari na tsawon wasalin, saboda a harsuna da yawa handa ba ta gama sauka sai wasalin ya yi nisa. Rufin da manhajar za ta nemi tudu a ƙasansa ya zama 5000 Hz ga maza, 5500 ga mata. Sannan ki buɗe yankan FFT, hoton da ke nuna ƙarfin sauti a kowane Hz, da taga ta daƙiƙa 0.03 ko fiye, yadda hamonik, wato ninkin kaɗawar murya, za su fito ɗaya-ɗaya, ki duba da idonki inda tudun yake kafin ki karɓi abin da LPC ya ce.

Don auna yawan hancin, ma'aunin Marilyn Chen na 1997 ne aka fi amfani da shi: A1-P0, wato ƙarfin hamonik mafi tsayi a F1 (A1), a debe ƙarfin tudun hanci na wajen 250 Hz (P0). Hanci na ƙaruwa, lambar na raguwa. Yana da ramuka biyu. A [i] da [u], F1 da P0 wuri ɗaya suke zaune, debewar ba ta da ma'ana, sai a koma A1-P1 da tudun wajen 1000 Hz. Na biyu, namiji mai murya 120 Hz, hamonik ɗinsa na biyu, 240, shi ke kan P0. Mace mai 220 Hz kuwa na farko ne, shi kuma na farko yana ƙaruwa da zarar murya ta yi iska-iska, ko babu hanci. Don haka kowane mutum a kwatanta shi da kansa, kada a haɗa lambobin mutane a kwano ɗaya. Faɗin F1 ma ma'auni ne mai kyau, a haɗa shi da A1-P0.

Amma duk wannan ba zai gaya miki ko harshe ya motsa ba. Sauti ɗaya yana iya fitowa daga handa ko daga harshe. Sai an kalli harshen kai tsaye, da na'urar hoton duban-dan-tayi a ƙarƙashin haɓa, ko EMA mai ƙananan maɓallai da ake manna wa harshe, ko MRI. Da Carignan da abokan aikinsa suka yi haka a 2011, sun ga Amurkawa suna ɗaga harshe a [ĩ] fiye da [i], kamar masu gyara ɓarnar da hanci ya yi. A Faransancin arewa kuwa, inda hancin ke bambanta ma'ana, harshe da leɓɓa ƙara wa bambancin gishiri suke yi: [ɛ̃] ya fi [ɛ] sauka da ja baya, [ɔ̃] ya fi [ɔ] kewayar leɓe.

In babu kuɗin na'urar awon hanci, akwai dabarar Stewart da Kohlberger ta 2017: 'yan kunne na sauraron waya ana juya su su zama makirufo, ɗaya a bakin hanci, ɗaya a gefen baki, a ɗauka a layi biyu. Ƙarfin hanci a raba shi da jimlar hanci da baki. Ba ya ba da faɗin ƙofar handa, amma yana nuna daidai lokacin da ta buɗe.

Ɗalibar_Furuci:

Na gode, malamai, Allah ya saka da alheri. To Hausa fa? Muna rubuta karen farauta da ragon layya, amma a baki kusan [karən] da [ragʷən] ne. Wasalin tsakiya ya canja kafin [n]. Shi ma aikin hanci ne?

Tsarin_Sauti:

A'a Malama, wannan tarko ne, kuma ya kama mutane da yawa. Gwajin mai sauƙi ne: nemi wurin da canjin ya faru babu ɗan hanci ko ɗaya. Reshe, rassa. Gefe, gyaffa. Zobe, zobba, wadda a baki [zʷabba] take. Babu [n] a cikinsu, amma [e] da [o] sun yi abin da suka yi a karen da ragon. Dalilin shi ne rufaffiyar gaɓa. Hausa ba ta barin dogon wasali a gaɓar da baƙi ya rufe, kuma gajerun [e] da [o] ba sa zama da kyau a tsakiyar kalma, sai su zame wajen [a], su bar wa baƙin da ke gabansu ganɗantawa ko leɓantawa a matsayin shaida. Abin da ya sa ake zargin hanci shi ne -n ta mallaka ce ta fi kowa rufe irin waɗannan gaɓoɓi.

Hancintawa tana nan a Hausa, a nan da can da hanci kanta za ki ji ta, amma naso ne daga baƙin, ba ta bambanta ma'ana. Irin yanayin bend da band ne: kunne ya san mai laifi.

In kina son misali na gaske a Afirka ta Yamma, duba Yarbanci. Wasulan baki 7 ne, amma babu [ẽ] babu [õ]. Akwai in da un, akwai ẹn wanda kalmominsa 'yan kaɗan ne, kamar ìyẹn. An da ọn kuwa ba sa bambanta ma'ana: ana rubuta ọn bayan baƙin leɓe, kamar ìbọn, bindiga, an kuma a sauran wurare, kamar ìtàn, labari, kuma masu magana da yawa [ɔ̃] suke furtawa a duka biyun. Wasalin ƙasa ne ya hau ya ja baya. Nufanci ya fi tsukewa: na baki 5, na hanci 3, [ĩ], [ã], [ũ]. Rashin [ẽ] da [õ] ya yaɗu a yankin sosai, Larry Hyman ya yi magana a kansa tun 1972.

Malamin_Amo:

Gyaran da Malam Tarihin_Harsuna ya yi min na karɓa. Ƙari ɗaya, Malama, in za ki yi aiki da Faransanci: tambayi mai maganar daga ina yake kafin ki kunna rikoda. A Faris wasulan suna bin juna a layi, [ɛ̃] ya sauka wajen [æ̃] har [ã], [ɑ̃] ya matsa wajen [ɔ̃], [ɔ̃] ya hau [õ], kuma brun da brin sun haɗe a bakin yawancin mutane. A Kebek ta Kanada juyin ya bi ɗaya hannun: [ɛ̃] ya hau wajen [ẽ], sau da yawa da ɗan tagwaitawa, [ɑ̃] ya zo gaba wajen [ã], brun da brin kuma suna nan a rabe. Don haka [ã] ɗin da mutumin Kebek zai faɗa yana nufin vent, iska, ɗan Faris zai iya jin sa a matsayin vin, giyar inabi. Alamomin da ke cikin ƙamus na gargajiya ne. Ki rubuta abin da kika ji, ki ajiye alamar ƙamus a wani layi daban.